A Shiga Ɗaki, Injiniya Zai Hau Soro

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Injiniya Nehemiya a Gumel, ita ma katangar ba ta hana tari ƙetarewa. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, na san shi har tarinsa. Ni Dogo ake ce mini, dillalin dabbobi a kasuwar Maigatari. Bokona a aji huɗu ya tsaya. Shi kuwa Injiniya, har yau ban ji ya ce nasa ya ƙare ba.

Ya zo mana ne bayan an yanke Jigawa daga Kano, lokacin da aka watso ma'aikata ko'ina. Mutumin wajen Pankshin ne, da matarsa Felicia malamar firamare, da 'yarsu Queen. Aikinsa haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Wato gwamnati na biyansa ya duba ƙasa, shi kuma Allah ya jarabce shi da duban sama.

An nuna masa gidajen siminti masu rufin kwano, ya ƙi. Sai ya zaɓi tsohon gidan ƙasa na su Alhaji Kawu, wai don tsakar gidan na da faɗi kuma babu bishiya. Kowa inuwa yake nema a Gumel, shi rashin inuwa ya biya wa haya.

Ranar da suka tare, mu maƙwabta muka fito sauke kaya. Gado ɗaya, kujeru huɗu, sai akwatuna uku masu gilashi a gaba.

Na ce, "Injiniya, talabijin har uku? Gidan kallo za ka buɗe mana?"

Ya ce, "Kwamfuta ce, Malam Dogo. Wannan a gwanjon jami'a na saye ta. Wannan wani malaminmu ne ya bar mini da zai koma ƙasarsu."

"Tana nuna ƙwallo?"

"A'a."

"Kokawa fa?"

"Lissafi take yi."

Na ce, "To, Allah ya ba ta lada."

A cikin ukun ɗaya ce ke da rai. Sauran biyun, in ji shi, kayan gyaranta ne, kamar mutum ya ajiye matattun jakuna biyu saboda mai rai ɗaya. In an kawo wuta sai ka ji ya ruga ɗaki har yana tuntuɓe, ya tura mata wani baƙin faifai, ta yi ta gurnani kamar cikin mai yunwa, can ta fito da koren rubutu. Kafin ta gama tunaninta an ɗauke wutar. Sai ya lulluɓe ta da atamfa, ya fito yana goge tabarau. Wata rana Felicia ta nuna wa matata Safara'u atamfar, ta ce, "Kin gani? Zanena ne na zuwa coci. Ni zan iya jure ƙura, ita ba za ta iya ba."

Sai kuma zancen Zariya. Duk hirar da ka ɗauko da Injiniya, ko ta farashin albasa ce, sai ya kai ta jami'a. "Ai lokacin da muke Zariya, ranar Lahadi kaza ake ba ɗalibi. Har wanki ake yi mana." In ka yi shiru sai ya shiga labarin zanga-zangar da suka yi, wai har shi aka ɗora a kafaɗa yana jawabi. Mutumin da in ya yi sallama a zaurena sai na tambaya ko kyanwa ce! A falonsa akwai hotonsa da wata riga kamar ta alƙali, da hula kamar an kife masa tire a ka, da tuntu yana lilo. Hoton aurensu yana ƙasa da wannan, kuma bai kai shi girma ba.

Hutunsa ma ba irin na mutane ba ne. Sauran ma'aikata in sun sami hutu gida suke zuwa. Shi sai ya bi motocin Maigatari ya tsallaka Damagaram, wani lokacin har Agadas.

Na ce, "Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"Biki ne?"

"A'a."

"Raƙumi za ka saro mana?"

"Gani kawai zan je, Malam Dogo. Samansu garau yake."

Ya dawo baƙi wuluk, da tsarabar duwatsu da hotunan yashi. Yashin nan dai da Safara'u ke sharewa daga ƙofar ɗaki kullum safe, shi wani ya biya kuɗin mota ya je ya ɗauko hotonsa.

Duk wannan bai dame mu ba, abin dariya ne muka samu kyauta. Abin da ya kawo rigima wani bututunsa ne na hangen taurari. Fari ne, kaurinsa kamar cinyar sa, yana tsaye a kan ƙafafu uku, da ɗan gilashi a gindi inda ake sa ido. Shekara da shekaru a tsakar gidansa yake kafa shi, ba wanda ya kula. Sai bazarar casa'in da bakwai, gab da Babbar Sallah, tauraruwar nan mai wutsiya ta fito. Da an idar da magariba za ka hango ta can ƙasa-ƙasa, tsakanin arewa da yamma, ba ta daɗewa ta faɗi. Daga tsakar gidan Injiniya katanga ta tare ta. Sai ya aro tsani, ya ɗauki bututunsa, ya haye kan soro.

To, a garin nan ko magini ne zai hau gyaran indararo kafin damina, sai ya tsaya ya ɗaga murya, "A shiga ɗaki, za a hau sama!" Ya maimaita, ya dakata mata su kimtsa, sannan ya taka tsani. Ba wanda ya gaya wa Injiniya haka. Wa ma ake gaya wa? Sai ka ce a koya wa babban mutum cin tuwo da hannun dama.

Kuma kun san zafin bazarar Gumel. Duk matan unguwa suna tsakar gida da ɗaurin ƙirji, wata na tuƙa tuwo, wata na yi wa yara wanka, wata ta baje a tabarma tana fifita. Safara'u ta ɗaga kai ke nan ta ga ƙato da tabarau a kan soro, ya saito gidanmu da abu kamar igwa. Ta saki muciya ta kurma ihu. Ihun ya faɗa gidan Alhaji Kawu, matarsa Nana Firdausi ta zabura da tukunyar miya, ta yi karo da turmi, miyar kuka ta tafi ƙasa. Gida biyar suka hargitse. Shi kuwa Injiniya idonsa na cikin bututu, bai ma san ana yi ba. Da ya ji hayaniyar ya ɗauka mutane ne ke murnar ganin tauraruwa, har ya ɗaga musu hannu.

Kafin sallar isha'i an ce bututun yana gani ta cikin katanga. Da safe a teburin mai shayi an ce ta cikin zane ma yana gani, kuma akwatunan nan uku su ke wanke hotunan. Da aka tambaye ni, a matsayina na maƙwabci, na ce ni ba injiniya ba ne, amma abin da ke hango tauraro ban ga yadda katangar ƙasa za ta gagare shi ba.

Alhaji Kawu bai tsaya jin ba'asi ba. A ƙofar masallaci, gaban mutane, ya ce Injiniya ya bar masa gida kafin Sallah. Injiniya ya zaga gari neman wani, amma labarin ya riga shi zuwa ko'ina. Duk mai gidan da ya tunkara sai ya ce, ayya, jiya-jiyan nan wani ya kama.

Ta katanga na ji Felicia, ita da ba ta ɗaga murya. "Nehemiya, gari nawa ka ja ni? Nan ne na sami aji nawa, na sami maƙwabta, Queen za ta yi jarrabawar shiga sakandare. In aka sake ɗora kayana a mota, tawa Pankshin za ta nufa. Kai ka hau taka da bututunka ku tafi Agadas."

Da la'asar ya yi sallama a zaurena, duk ya zabge.

"Malam Dogo, me na yi wa mutanen nan?"

Na gaya masa yadda ake hawa soro a garin mutane. Ya riƙe baki.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Na ce, "Haba Injiniya! Mutumin da ya san ranar da tauraruwa za ta dawo bayan shekara dubu biyu, ni ɗan aji huɗu zan koya wa hawa tsani? Na ɗauka an koya muku a Zariya, ranar da ake ba ku kaza."

Ya tafi ba Alhaji haƙuri. Maimakon ya durƙusa ya ce ya tuba, sai ya tsinci kara ya hau zane a ƙasa, ga soro, ga katanga, ga inda bututu ke kallo, digiri kaza sama da kan kowa. Alhaji ya dube shi ya ce, "Injiniya, ni matata na sani, ban san digiri ba." Ya shige gida.

Felicia ce ta san ƙofar da ake bi. Ta yafa gyale ta tafi wurin Iya Kande, mahaifiyar Alhaji Kawu, wadda ta saba sayen daddawa a hannunta. Gidan da ake rigima a kai ma na Iya ne, a wurin ubanta ta gada, Alhaji karɓar haya kawai yake yi yana hura hanci. Iya ta saurare ta tsaf, ta ce ita ba ta yanke hukunci a kan abin da ba ta gani ba. Za ta hau soron da kanta.

Alhaji ya ce, "Iya, da shekarunki?"

Ta ce, "Da shekarun nawa. Kai da naka me ka hau ka gani?"

Washegari ana idar da magariba unguwa ta cika ƙofar gidan Injiniya. Iya ta ɗaure zane tamau, ta tsaya gindin tsani, ta ɗaga murya da kanta, "A shiga ɗaki, za a hau sama!" Ka ji ƙofofi garam-garam. Ni na riƙe mata tsanin, tana hawa tana zagin gwiwoyinta, sannan na bi ta a matsayin shaida. Felicia da Alhaji suna ƙasa.

Iya ta ce, "Ɗan nan, juya shi gidan Kawu."

Injiniya ya juya bututun. Da sauran ɗan haske. Iya ta runtse ido ɗaya ta leƙa, sai ta yi baya.

"La'ilaha! Ragon layyar Kawu ne a rataye, ƙafafu sama!"

Daga ƙasa Alhaji ya ce, "Ragona?"

Injiniya ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Alhaji. Haka bututun yake nuna komai a kife, Iya. Don sama aka yi shi, can babu ruwan kowa da kai ko ƙafa."

"Katangar fa? Nuna mini cikin ɗakin Nana."

Ya saita mata. Ta daɗe tana leƙe, ta ce ita ba ta ga komai ba sai jar ƙasa da wani ƙadangare, shi ma a kife.

Daga nan ya ɗaga shi wajen wata, wanda ya kai rabi a lokacin. Iya ta ce, "Ashe haka fuskarsa take, duk zanzana? Shi ne ake kwatanta 'yan mata da shi?" Sai ya juyo da shi saitin gidana, ya nuna mata mai wutsiyar. Nan Iya ta manne wa bututun. Na ce mata mutane na cewa in ta fito wani babba zai mutu. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wace shekara ce manya ba su mutu ba? Rufe mini baki, Dogo, ina kallo."

Da ta ƙoshi ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dubi unguwa da idonta na Allah. Nan fa aka ji abin da ba a shirya ji ba.

"Kawu! Tukwanen matarka tun na rana ba a wanke ba. Waccan ba kazar Larai ba ce da aka ce shaho ya ɗauke? Me take yi a gidan Bappa? Kai Dogo, wannan tsumman da ke kan igiya shi ne wandonka?"

Na ce na aiki ne, Iya.

Ta juyo ga Injiniya. "Ɗan nan, bututunka ba shi da laifi, makaho ne a ƙasa. Laifin na idanunka biyu ne. Duk wanda ya tsaya nan ya ga gida biyar har cikin tukunya. In kana son zama, ka kewaye soron nan da zana, ta fi tsawonka, ta kowane gefe. Ka kalli samanka, Allah ya ba ka sa'a. In ba ka so, ga Sallah nan tafe, ka nemi mota."

Kowa ya ɗauka zai faɗi yana godiya. Ina! Sai ya hau murza hannu.

"Iya, ranki ya daɗe, ai tauraruwar ƙasa-ƙasa take. In aka sa zana ta nan," ya nuna saitin gidana, "ba zan ƙara ganinta ba. Kuma in ta tafi..."

"Zana ko mota?"

Wallahi mutumin nan tsayawa ya yi yana tunani. Ya dubi tauraruwa, ya dubi Iya, ya sake duban tauraruwa. Ni dai na sha ganin mai saye yana jinkiri a kan sa, amma ban taɓa ganin mai jinkiri tsakanin matarsa da wutsiyar tauraro ba. Sai muka ji daga ƙasa, a hankali, ba ihu:

"Nehemiya."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Zana, Iya."

Alhaji ya ce, "Iya, na fa riga na yi magana gaban jama'a."

Ta ce, "To ga jama'ar nan, sai ka sake wata. Dogo, riƙe mini tsani."

Ranar Alhamis ina dawowa daga Maigatari na tarar an kawo zana daga Ɗanzomo, an kewaye soron kamar rumbu. Magariba ta yi, ba motsi a sama. Na leƙa gidan, na same shi zaune gaban kwamfutarsa, ba wuta, ya zuba wa baƙin gilashi ido. Ko zancen Zariya bai yi mini ba. Abin ya dame ni, don maƙwabcin da ba ya tanka tsokana ba shi da amfani.

Na shawarci Safara'u, tunda gefen tauraruwar gidanmu ne kaɗai. Ta ce a buɗe masa taga a zanar, amma da sharaɗin ita ma sai ta ga abin da ya sa tuwonta ya ƙone. Na kai wa Iya maganar, ta ce gidana ne, matata ce, ruwana. Sai na koma wurinsa da nawa sharaɗin.

"Injiniya, za a yanka maka taga daidai bakin bututu. Amma kullum kafin ka taka tsani, kai da bakinka za ka yi shela. Ba aike, ba Queen. Kuma sai Safara'u ta ji ko tana daka."

Ya ce ya yarda, tun kafin in rufe baki.

Ranar farko ya tsaya gindin tsani, ya gyara murya, ya ce, "A shiga ɗaki, don Allah," kamar mai neman rance.

Na ce ta katanga, "Ba mu ji ba! Safara'u, kin ji wani abu?"

Ta ce, "Kamar dai sauro."

Na ce, "Injiniya, ka ɗauka a Zariya kake, an ɗora ka a kafaɗa!"

Sai ga wata murya da ban san yana da ita ba. "A SHIGA ƊAKI! INJINIYA ZAI HAU SORO!" Ragunan da na ɗaure na sayarwa suka tsinke igiya. Ladanin unguwa ya leƙo ya ga wa ke neman ƙwace masa aiki. Felicia ta yi dariya har ta zauna a bakin rijiya.

Haka ya yi ta kallon abarsa ta taga har bayan Sallah, ta yi ta dusashewa, ta tafi. Queen ta ci jarrabawarta. Alhaji Kawu yana nan yana karɓar haya, bai taɓa hawa ba, wai gwiwa. Zana kuwa duk bayan damina sai an sake sabuwa, har masu saƙarta a Ɗanzomo sun san shi. Sunan ma ya bi shi wurin aiki. In motarsu ta shiga ƙauye a Gagarawa, sai ka ji ana cewa ga Injiniya A-shiga-ɗaki ya zo haƙa rijiya, shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar sarauta aka naɗa masa.

Ni ne dai cinikin bai yi wa daɗi ba, ni da nake dillali. Yanzu in ya yi shelar, Safara'u ba ɗaki take shiga ba. Mayafi take ja, ta kira Larai ta katanga, su zaga gidan Felicia su ji ko tauraron nan mai zobe ya fito. Jiya sai da aka yi isha'i na ci tuwo, shi ma da sanyinsa. Na yi magana, ta ce in yi haƙuri, layi ne ya yi tsawo, Iya Kande ta ƙi ɗaga ido daga bututun.